Shiru Bakwai a Kaset ɗin Iliyasu

Ranar Alhamis da hantsi aka gane an taɓa kaset ɗin Iliyasu, kuma a gaban mutum kusan talatin aka gane, don haka babu zancen rufa-rufa.

A Gidan Jaji, wani ƙauye a bakin kanal ɗin noman rani tsakanin Kura da Bunkure, ba a cika rubuta wasiƙa ba a wancan zamanin. Wanda ya tafi Ikko dillancin tumatir sai ya ari rakoda, ya zauna ya zazzage abin da ke cikinsa a kaset, ya ba direba ya kawo. In kuwa kaset ya iso, ba na masu gida kaɗai ba ne. Kowa sai ya zo ya ji ko an gaishe shi, wanda aka manta da shi ya yi sati yana ƙunƙuni.

Wannan karon Hananiya ne ya kawo, direban babbar motar da ke kwasar tumatirin garin. Ya iso ranar Laraba da la'asar, ya aika wa Talatu matar Iliyasu da kaset ɗin, kaset ya kwana a ɗakinta. Da safe aka shimfiɗa wa Inna Mairama tabarma a zaure. Ita ce ta haifi Iliyasu, idanunta kuma sun daɗe da dushewa. Aka aro rakodar mai gari aka ɗora mata a cinya. Maza suka cika ƙofar gida, mata suka laɓe ta ciki.

Iliyasu ya yi sallama, ya gai da Inna, ya gai da mai gari, ya tambayi ruwa da yadda dashen bana ya kama. Yakan yi shiru nan da can, ba wanda ya damu, aka ce tunani yake. Can sai muryarsa ta sauya.

"Inna, akwai maganar da na riƙe shekara shida, yau zan sauke ta. Ranar da ruwa ya ci Maryamu 'yar gidan Surajo, ina bakin kanal, na ga komai. Uba..."

Sai shiru. Ana ganin zaren kaset yana juyawa, amma ba abin da ke fita sai huci. Mutane suka miƙa wuya. Wani ya ce batir ne, wani ya kai hannu ya bubbuga rakodar. Sannan muryar ta dawo kamar ba ta je ko'ina ba.

"...shi ke nan, na sauke. Allah shi ne shaidata. Ku yafe mini jinkirin."

Aka mayar baya aka sake, sau uku. Duk sau ukun sai a kai sunan Uba, a faɗa rami, a fito a ɗaya gefen hannu wayam. Wurin ya kaure da hayaniya. Surajo, uban yarinyar da ta mutu, ya miƙe, ya ce wallahi sai an nemo wanda ya yi wannan aiki.

*

Maganar da Iliyasu ya taɓo kowa ya san ta. A ranin 1981, ranar da ba ta rabon ruwa ba ce, yara suna wasa a cikin ƙaramin kanal da ya bushe, wani ya buɗe ƙofar ruwa don ya saci ban-ruwa. Manyan yara suka haye, Maryamu mai shekara huɗu ba ta haye ba. Wani mutum mai suna Uba ne ke riƙe da mabuɗin ƙofar a lokacin. Ya rantse zazzaɓi ya kwantar da shi a bukkarsa, takalminsa da mabuɗin suna bakin ƙofa, bai san wanda ya ɗauka ba.

Aka kira Sammani mai bin sawu. Ya bi sawun takalmin taya mai tsaga a dunduniyar hagu tun daga ƙofar ruwa har bakin bukkar, ya ɗaga sandarsa ya ce sawun Uba ne. Ba a je kotu ba, don babu shaida, amma gari ya yi nasa hukuncin. Aka karɓe mabuɗi. Aka daina kiran Uba suna da ɗaurin aure, aka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Matarsa ta tafi gidansu ba ta dawo ba. Ya koma bayan gari yana saƙa kwandunan tumatir.

Abin da Sammani bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, takun nan ya fi na Uba tsawo. Ya gani a ranar. Amma jama'a suna bayansa, Surajo yana rungume da gawa, kowa yana jiran suna, shi kuma mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" a gaban mutane ba. Shekara shida ke nan in ya hango Uba sai ya sake hanya.

Ranar Alhamis ɗin nan, mai gari ya sa aka kira Sammani tun kafin taron ya watse.

"Sammani, ka ji abin da ya faru. Ka nemo mana wanda ya goge maganar nan."

"Ranka ya daɗe, ni ƙasa na iya karantawa. Akuya, injin ban-ruwa, bututun da aka sace, duk wannan na iya. Murya ba ta taka ƙasa."

"To sai ka koya. Ga kaset, ga rakoda. Kada su kwana a hannun kowa sai naka."

Sammani ya karɓa. Ya san in maganar nan ta dawo, ko dai ta wanke Uba ta tona shi, ko ta tabbatar da hukuncinsa ya samu ya yi barci. Allah ya sani, a ransa ya fi so ta wanke Uba.

*

Kafin azahar gari ya rabu biyu. Rabi suka ce Talatu ce: ta saurara a ɓoye, ta ji mijinta ya amsa laifi, ta goge. Rabi suka ce Uba ne, don an gan shi a wajen motar Hananiya ranar Laraba. Ba wanda ya kawo sunan Hananiya kansa. Shekara tara yana ɗaukar kaset tsakanin Ikko da Gidan Jaji, Kirista ne daga ƙasar Filato, kuma har tsokanarsa ake yi cewa ko kaset ya yi magana da kansa a aljihunsa zai toshe kunne.

Sammani ya fara da Talatu. Ta tsaya daga cikin zaure, ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Baba, wallahi ko kwalinsa ban buɗe ba. A ƙarƙashin matashi ya kwana. Ni ina na ga rakoda? Ta gidan mai gari aka aro da safe, kowa ya gani."

"Ba wanda ya shigo ɗakinki?"

"Sai yara, su ma barci." Ta share ido. "Suna cewa na rufa wa mai gidan asiri. In shi ya buɗe ruwan nan, gara in ji da kunnena, in san da wa nake zaune."

Ya juya zai tafi, ta ce, "Baba, ku maza magana kuka ji. Ni murya na ji. Muryarsa ta sirance."

Sammani ya ce hanya ce da zafin Ikko, ya wuce. Bai ɗauki maganar da nauyi ba a lokacin.

*

Ya sami Uba a gindin wata bishiyar maina a bayan gari, ƙafa ɗaya a kan gindin kwando, hannu yana saƙa. Mutum ne gajere mai gajeren taku, kuma Sammani ya kasa kallon ƙafafunsa.

"Sannu da aiki, Uba."

"Yauwa, Baba." Bai ɗago ba.

"An ce ka je wajen mota ranar Laraba."

"Na je. Na sauke kwandunan da suka dawo, na ware waɗanda suka karye. Kaset yana aljihun direba ne ko yana ina, ban sani ba." Ya ja tsinke ya ƙulle. "Baba Sammani, ka taɓa nuna ni da sanda sau ɗaya. In za ka sake, ka yi da wuri, ina da kwando goma da zan gama."

Sammani ya tsuguna, abin da bai saba yi a gaban na ƙasa da shi ba.

"Ba nuna ka na zo yi ba. Tambaya na zo yi."

Sai a sannan Uba ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta rawa.

"Shekara shida ina jiran mutum ɗaya ya buɗe baki. Ya buɗe, an rufe. Ka yi tunani mana, Baba. In ni na goge, ai da sunana zan fara. Wane mahaukaci ne zai goge magana ya bar sunansa a tsaye a bakin ramin?"

Sammani ya miƙe ya kama hanya. Yana tafe yana juya maganar, ya ga ba Uba kaɗai ta wanke ba. Duk mai son ɓoye zancen, ko Talatu ce, da tun daga "ranar da ruwa ya ci Maryamu" zai fara gogewa. Wanda ya yi wannan aiki kamar bai ma san abin da yake gogewa ba.

*

Bayan azahar ya hau keke ya nufi Kura, rakoda ɗaure a baya. A bakin kasuwa akwai shagon Mukhtari mai kaset, wanda ke sayar da na wa'azi da na waƙa, yana kuma gyaran rediyo. Mutum ne mai son a san ya sani, wannan kuwa ya yi wa Sammani daidai.

Mukhtari ya saurara sau ɗaya ya ce, "Baba, jan maɓallin nan aka danna. Shi ne na ɗaukar murya. Duk abin da zare ya bi ta kansa yana danne, ya tafi."

"A dawo da shi."

"Ba ya dawowa."

"In na kai gidan rediyo a Kano fa?"

"Ko Ingila ka kai. Allo in an wanke ana ganin inuwar rubutu, wannan ko inuwa ba ya bari."

Sammani ya zauna a kan benci. Tun yana saurayi bai taɓa zuwa wurin da aka yi ɓarna ya rasa ko da ciyawar da ta kwanta ba.

Mukhtari ya mayar da kaset farko yana duban agogon hannunsa. Can ya ce, "Af! Baba, ai ba wuri ɗaya aka taɓa ba. Wannan shirun da kuka ce tunani yake, duk gogewa ce. Ɗaya, biyu..." Ya bi su har ƙarshe. "Bakwai ne. Kuma duk tsawonsu ɗaya, kamar da igiya aka auna."

Sawu bakwai. Nan Sammani ya ji ya dawo ƙasar da ya sani. Mai bin sawu ba ya tsayawa a kan taku ɗaya, jerin yake dubawa. Ya ce a sa masa su ɗaya bayan ɗaya. Mukhtari ya ɗora masa wani abin saurare mai rufe kunne biyu, ya ƙure murya.

"Ka kasa kunne sosai, Baba. Rakoda ba ta iya shiru. In ka danna ja, ko ka toshe bakinta da tsumma, sai ta ɗan sato abin da ke kusa."

Sammani ya runtse ido. A Gidan Jaji ba lungun da ba a jin ruwa, ko daka, ko zakara, ko injin ban-ruwa. A cikin shirun nan babu ko ɗaya. Abin da ke ciki wani ɗan sauti ne can ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas, na ƙarfe, yana raguwa a hankali. Bai san ko mene ne ba, amma ya san ba a ɗakin Talatu aka yi aikin ba.

Sai ya koma bakin ramukan, inda murya ke yankewa. A shida daga ciki ba a rasa wata magana ta kirki ba, kalma ɗaya ko biyu, zance yana haɗewa. Amma dab da kowane shiru akwai abu guda da bai sauya ba: Iliyasu yakan ja numfashi gajere, mai kaifi, kamar wanda aka tsikara a haƙarƙari. Na bakwai ma haka. "Uba," sai jan numfashi, sai shiru.

Sammani ya cire abin sauraren a hankali. Ya san numfashin nan. Shekara biyu ya yi yana jinsa a bakin marigayiya matarsa, kuma ya san abin da ke biyo bayansa.

"Baba, lafiya?"

"Ba magana aka goge ba," in ji shi. "Tari aka goge."

*

Da safiyar Juma'a yana bakin titin gona, rakoda a hammata, yana tunanin wanda zai damu da tarin wani har ya bi shi sau bakwai yana sharewa. Motar Hananiya ta taho daga cikin gonaki ta tsaya kusa da shi, inda aka jera kwanduna za a yi lodi. Direba ya kashe inji. Ƙura ta lafa, masu lodi ba su iso ba tukuna, wurin ya yi tsit.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ƙarfen inji ne yana hucewa. Sammani ya matsa ya kara kunne a jikin motar, kamar mai sauraren cikin saniya. Shi ne, ba ko tantama.

Hananiya ya sauko. Da ne da ya ce, "Baba mai sawu, yau tayar motata za ka bi?" Yau bai ce komai ba. Ya dubi rakodar, ya dubi tsohon, ya sunkuyar da kai. Ya rame a kwana biyu, leɓensa sun bushe.

"Bayan la'asar, ƙofar mai gari," in ji Sammani.

"To, Baba."

*

Aka taru fiye da na jiya. Mai gari a kan kujera, Surajo a damansa. An kawo Inna Mairama an zaunar da ita a zaure, Talatu a bayanta. Uba ya zo ya tsaya can nesa, wajen da ya saba tsayawa, inda ba wanda zai ce ya taɓa shi.

Sammani bai yi doguwar shimfiɗa ba. Ya kunna kaset, ya tsayar a shiru na farko, ya ce a saurari numfashin da ke gabansa. Ya yi haka har bakwai. Ya ce ɓarawon magana sau ɗaya zai yanka, kuma ba zai bar suna ba. Ya ce Talatu ba ta da hannu, Uba ba shi da hannu, don ba a garin nan aka yi aikin ba, a cikin mota aka yi, bayan an kashe inji.

"Wanda ya yi yana nan," in ji shi. "Ba zan nuna shi da sanda ba. Na daina."

Hananiya ya fito daga cikin mutane, ya cire hula, ya durƙusa a gaban zaure.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na goge."

Aka yi caa a kansa. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Malam Iliyasu ne ya roƙe ni," in ji Hananiya. "Wata huɗu yana tari. Ranar da zai yi kaset ɗin ya kore mu duka daga ɗakin, ya rufe ƙofa. Da ya gama ya kira ni ya ce, Hananiya, tari ya ɓata mini magana, ba ni da ƙarfin sakewa. Kada Inna ta ji wannan tari. Ka san yadda za ka yi ka cire shi a hanya."

"Sai ka saurari wasiƙar mutane?" in ji wani.

"Ban saurara ba!" in ji Hananiya. "Shi ne abin da ya kashe ni. Shekara tara ban taɓa jin abin da ke cikin kaset ɗin kowa ba, amana ce. Na tsaya bayan Jebba, na kashe mota, na rage muryar rakodata har ba na gane kalma, sai gunaguni. Tari ya fi magana ƙarfi, shi kaɗai nake ji. Na farko na bar shi ya wuce ina ƙirgawa, ya kai ashirin. Na sa biro na mayar da zare baya, na toshe bakin rakoda da hular nan, na danna ja, na ƙirga ashirin. Daga nan in na ji ya fara sai in tsayar, in ɗan mayar, in danna, in ƙirga ashirin. Ban ƙara bari ya wuce ba, don kada in ji abin da ba nawa ba. Na zaci duk tsawonsu ɗaya ne."



"Wato ba ka ji abin da ya faɗa a kan Uba ba," in ji mai gari.

"Ko kalma ɗaya. Sai jiya na ji farkonta, tare da ku."

Mai gari ya sauke numfashi. "To ba ta ɓaci ba. Gobe ka ɗauki kaset ka koma, ya sake faɗa, da shaidu."

Hananiya ya kifa goshinsa a ƙasa. Sammani ya ga haka, sai ya gane tun kafin a faɗa.

"Ranka ya daɗe, Malam Iliyasu ya rasu ranar Litinin da safe, ina lodin kwanduna. 'Yan uwa Hausawa suka yi masa sutura, na tsaya har aka rufe shi. Ya ce in ya riga ya tafi, in bari Inna ta ji muryarsa lafiya lau tukuna, kaset yana ƙarewa in faɗa. Jiya ina tsaye a nan ina jiran ya ƙare. Da na ji abin da hannuna ya yi, sai bakina ya mutu."

Talatu ta ƙwalla ƙara, mata suka riƙe ta. Salati ya tashi ko'ina. Inna Mairama kuwa ba ta motsa ba, sai leɓenta. Da aka ɗan lafa ta juyo da fuskarta wajen da take jin kukan direban.

"Hananiya, tashi. Ka yi abin da aka sa ka." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma wahalar banza kuka yi, kai da shi. Yaron da na goya ne. Tun sallamarsa ta farko na san ba shi da lafiya."

*

Mai gari ya tambaya ko Iliyasu ya taɓa gaya wa wani zancen a Ikko. Hananiya ya ce bai sani ba, mutum ne mai zurfin ciki. Ya tambayi Talatu, ta girgiza kai. Ya dubi Sammani.

Tsohon ya dogara sandarsa, ya ji ta yi masa nauyi.

"Ranka ya daɗe, ni ma ina da tawa. Sawun da na bi shekara shida da suka wuce, takalmin Uba ne, wannan gaskiya ne. Amma takun ya fi nasa tsawo. Na gani a ranar, na yi shiru."

Surajo ya miƙe a hankali.

"Takun wa ne to?"

"Ban sani ba."

"Na Iliyasu ne?"

"Ban sani ba, Surajo."

"Mai zazzaɓi in ya tsorata ya ruga da gudu, takunsa ba ya ƙara tsawo?"

Sammani ya ce, "Yana iya ƙarawa."

"Shekara shida ka ce ka sani," in ji Surajo. "Yau kuma ka ce ba ka sani ba. To ni wa zan yafe wa? Wa zan riƙe?"  Ya saka takalminsa ya tafi.

Mai gari ya ce shi ba zai yi hukunci da shiru ba, a tashi a je a yi wa Inna zaman makoki. Jama'a suka bi bayan tsohuwar. Tun ba a yi nisa ba Sammani yana jin su: wannan yana cewa ai a fili yake, Iliyasu wanke Uba ya yi, in ba haka ba me zai nemi gafara a kai; wancan yana cewa a'a, tabbatarwa ya yi, gafarar jinkirin shaida ya nema. Da suka zo wucewa ta wajen Uba, sai suka ɗan karkace hanya, yadda suka saba.

Aka bar mutum biyu a ƙofar mai gari, da rakoda a kan tabarma. Uba ya tako har bakin tabarmar, ya tsuguna.

"Uba," in ji Sammani, "ka yafe mini. Na faɗa a makare, kuma bai yi maka komai ba."

Uba bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya nuna rakodar.

"Sa mini wurin, Baba. Jiya daga nesa na ji."

Sammani ya mayar da zare, ya danna. Muryar mamacin ta fito, siririya. Ina bakin kanal, na ga komai. Uba. Sai jan numfashi, sai huci.

Uba ya lanƙwasa yatsu yana ƙirgawa, leɓensa suna motsi, har murya ta dawo.

"Ashirin," in ji shi. "Da yawa fa. Ya isa a faɗi sunan mutum da na ubansa, har a faɗi inda ya ajiye takalmin." Ya matso da kunnensa jikin rakodar. "Mayar. Ka ƙara murya."

"Babu komai a ciki, Uba. Na kai shi Kura, na saurara har kunnena ya yi ciwo. Ƙarar inji ce kawai."

"Na sani, Baba. Ka ƙara."

Sammani ya mayar da zare, ya murɗa muryar har ƙarshe.